Maɓallin da babu shi a cikin fim ɗin

Assalamu alaikum Malama mai wannan shafi, ke da masu karanta ki na nan London da na gida. Ina yi muku gaisuwar tsohuwa, da fatan kowa ya tashi lafiya da iyalinsa. Tun farko ki sani ba takarda na aiko miki ba, kaset ne. Ni ban taɓa zama a aji ba, sunana ma zane ne ɗana ya koya min nake yi a takardun hukuma. Na kulle ƙofa na kunna rikoda, ke sai ki zuba a rubuce yadda na faɗa, kada ki gyara min zance, don zance shi ne abin da na iya a duniya, shi ne kuma ya kai ni inda nake yau. In kin gama ki ƙone kaset ɗin, muryata ba baƙuwa ba ce daga Camberwell har Woolwich. Sunayen da za ki ji duk aro ne. Ku kuma masu karatu, don girman Allah kada ku zage ni sai kun kai ƙarshe. In kun kai, abin da kuka ga ya dace da ni ku faɗa, na shirya.

Na zo ƙasar nan lokacin da mace ke mulkinta, bayan rasuwar maigidana. Ɗana ne ya ɗauko ni reno. Renon bai cika shekara biyu ba aiki ya kwashe su zuwa wata ƙasa, ni kuma likita ya ce ƙafata ba a katse mata magani, sai aka bar ni a flat hawa na shida, da talabijin, da bidiyo, da tarho don ya riƙa jin muryata ranar Lahadi. Malama, ni da a garinmu in na buɗe baki a gidan biki masu daka ke ajiye taɓarya? Ni da ake turo yara daga unguwa uku su zo jin tatsuniya? Sai ga ni na yi kwana tara ban yi magana da ɗan Adam ido da ido ba. Rana ta goma na gaida mai sharar bene, ya ɗaga min hannu bai ko cire sigari daga baki ba, na koma ɗaki ina murna kamar an biya min Makka.

Abin da ya cece ni ranar Alhamis ce. Mata uku suka fara zuwa kallon bidiyo a wurina bayan azahar. Akwai Maman Fati, mutuniyar zongon Kumasi mai sayar da atamfa a kasuwar Woolwich, wadda a bakinta kowa namiji ne. Akwai Rifkatu, Kirista ce daga Filato, ma'aikaciyar jinya, tana zuwa da barci a ido ta kishingiɗa a doguwar kujera. Sai Asabe, ƙaramarmu, mai sharar ofisoshi a Marylebone da asuba, matar aure da 'ya'ya uku, maza biyu da 'yar auta Ummi. Ita ce ke ce min Inna, ita ce ke zama a ƙasa ta jingina da gwiwata. Ranar farko muna kallon wani fim ɗin Indiya, rubutun Turanci yana gudu a ƙasa, Maman Fati ta ce, "Hajiya, wannan mutum me ya ke faɗi?" Ban san lokacin da bakina ya amsa ba. Na ce cewa yake uwarsa ta hana shi, amma shi ko za a yanka shi sai yarinyar da yake so. Suka ce, "Ashe Hajiya na jin Turanci!" Ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba. Daga baya ma na ce e, da bakina, har na ƙara da cewa jikokina ne suka koya min.

Wallahi Turancin da nake ji bai wuce na sayen albasa da na gaya wa likita inda ke ciwo ba. Amma ina da hanyata. Ranar Laraba nake karɓo kaset a shagon wani Ba'indiye, in kalle shi sau biyu ni kaɗai. Ina duban ido, ina duban kafaɗa, wa ya fara zama, wa ya fita bai rufe ƙofa ba, wa ya zuba ruwa bai sha ba. Kafin Alhamis na san kowa har kakanninsa. Sai in ɗora musu magana, in ce, "Ku sa ido kan mai gemun nan, zai dawo," in ya dawo ɗaki ya ɗauki salati. In an gama in ce ƙurunƙus, a kawo shayi da cincin, kowa ta faɗi ra'ayinta, a yi musu har la'asar ta kusa wucewa. Shekara uku muna haka. Wa na cuta? Haka nake tambayar kaina lokacin.

Sai Asabe ta fara tsallake Alhamis. Ta yi ɗaya, ta yi biyu, ta ce aiki. Amma takan zo wasu ranaku da hantsi, ta gaishe ni sama-sama, ta ce, "Inna, zan ɗan taɓa tarho." In shiga kicin in buɗe famfo don ta sake, amma kunnena yana falo. Sai ta buga lamba, ta yi shiru, ta ajiye. Ta sake bugawa, ta yi shiru, ta ajiye. Wata rana aka ɗauka ta yi magana, da wata murya da ban san ta da ita ba: "Ban ce ka aure ni ba. Ban ce ka bar kowa ba. Ka ce min sannu kawai, in ji, in tafi." Wata ranar ta shiga alwala ta bar mayafinta a kujera, na ga ƙulli a bakinsa, na kwance. Maɓalli ne na kwat ɗin maza, ruwan ƙasa. Na mayar na ƙulle yadda na same shi.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na bi ta. Ni, da ƙafar nan tawa, na hau bus ɗin da ta hau, na zauna a ƙasa ita tana sama, har Marylebone. Ta tsaya a tsallaken ƙofar wani ƙaramin asibiti, ana yayyafi, ni na laɓe a bayan ɗakin tarho na bakin titi. Awa biyu. Sai ga mutumin ya fito, ɗan gida ne, namu, da kwat ruwan ƙasa, wurin maɓalli ɗaya babu komai sai zare. Ya gan ta sarai. Ya kau da kai kamar ya ga turken fitila, ya gangara tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa. Ta ci gaba da tsayuwa. Ni ma na ci gaba da tsayuwa. Uwa ta gari da ta tsallaka titi ta kama hannunta ta ce zo mu je gida, ko ba haka ba? Ni abin da ke cina daban ne. Cewa nake, wannan da ko kallonki bai yi ba kin ba shi awa biyu a ruwa, ni da nake soya miki cincin kin kasa ba ni Alhamis?

Ranar da abin ya faru ban karɓo kaset ba, ƙafata ta hana ni sauka. Maman Fati ce ta zo da nata, wai a kwandon masu araha ta tsinto, na Turawa. A bayan kwalin akwai wata Baturiya da jar riga ta rungume kan tarho. Ban taɓa ganin sa ba, ban yi masa Laraba ba, amma girman kai ya bar ni in ce a bari sai wani mako? Muna farawa sai ga Asabe, bayan Alhamis uku ba ta zo ba, da kwalli da turare, ba ta zauna a gwiwata ba, ta ɗosana a hannun kujera kusa da ƙofa tana duban agogo.

Fim ɗin kuwa, Malama, fim ne na marasa hali. Ɗaki uku ne duka da mota ɗaya. Wani mai gashin baki yana da mata, ya haɗu da mai jar rigar a wurin shan giya, kafin ka ce me sun shige ɗaki. Na yi wuf na yafa wa talabijin zane, kamar yadda nake yi in abu ya zo da rashin kunya.

Maman Fati ta ce, "Hajiya, ka rufe hoto, ƙara fa? Kunnenmu ba ya da alwala ne?"

Rifkatu ta ce, "Ɗaga gefe in ga wani abu." Na ɗaga. Ta ce, "Na faɗa! Gadon matarsa ne wannan, zanen gado kawai suka canja. Ga ma fitilar nan mai karyayyen kai."

"Ke kin ga fitila," in ji Maman Fati, "ni na ga mutum bai cire safa ba."

Aka yi dariya, ban da Asabe. Sau huɗu zane yana hawa yana sauka. Tsakanin hawa da saukar kuma ba rawa, ba waƙa, ba uwa mai kuka, sai surutu a tarho, fuska ɗaya, ɗaki ɗaya. Na rasa inda zan kama. Ina ta lalube, in ce tana gaishe shi, in ce yana cewa yana da aiki. Sai Asabe ta yi hamma, ta gyara mayafi, ta ce, "Inna, yau labarin naki ba gishiri. Bari in wuce, ina da inda za ni."

A gaban mutane. Ni za a ce wa labarina ba gishiri? Kuma na san inda za ta.

Daidai nan mai jar riga ta ɗauki tarho, ta buga, ta yi shiru. Na ce, "Zauna, yanzu aka fara. Kun ga wannan? Kullum haka take yi, a gidan wata tsohuwa take aron tarho, ta buga ta ji numfashinsa ta ajiye." Baturiya ta buɗe baki, ni ma na buɗe nawa, na sassauta murya: "Cewa take, ban ce ka aure ni ba, ban ce ka bar kowa ba, ka ce min sannu kawai, in ji, in tafi." Ban kalli Asabe ba. Na dai ji ta zame daga hannun kujera ta zauna sosai. Baturiya ta jawo aljihun tebur ta ɗauko wani abu a tafin hannu, har yau ban san ko mene ne ba, na ce maɓallin kwat ɗinsa ne, ruwan ƙasa, da shi take kwana. Aka nuna ta a mota tana kallon wata ƙofa, na ce awa biyu take yi a nan ko ana ruwa. Maman Fati ta ce, "Wannan mace, yana da miji?" Malama, ba a nuna miji ba, ba a nuna ko takalmin yaro ba. Na ce tana da shi, mutumin kirki, da 'ya'ya uku, maza biyu mace ɗaya.

Kuma ya yi daɗi. Kada in ɓoye muku. Ban taɓa riƙe ɗaki kamar ranar ba. Shayi ya huce ba wadda ta taɓa.

A ƙarshe mai jar riga ta shiga gidan mutumin da wuƙa, matarsa ta harbe ta, ta faɗi a bene. Aka shiga ra'ayi kamar kullum. Rifkatu ta ce jinin tumatirin gwangwani ne, ita da ke ganin jini kullum ba za a yi mata wannan ba, kuma ita mutumin ta fi tsana, ya kunna wuta ya koma gida ya ci tuwonsa. Maman Fati ta ce, "Namiji haka Allah ya yi shi. Amma mace da miji da yara uku ya tsaya a titi kamar akuya? Gara da aka harbe shi. Ni mijin nake tausayi, yana ci daga hannun wanda ya ci amanarsa bai sani ba." Rifkatu ta ce ciwo ne, tana ganin irinsu a asibiti, ba harsashi suke buƙata ba, mutum ɗaya suke buƙata da zai zauna da su. Maman Fati ta ce ciwon nan tsumagiya ke maganinsa. Suka juya suka ce, "Asabe, ke fa?"

Ni ta kalla, leɓenta ya bushe, ta ce, "Inna, da ta faɗi na ga bakinta ya motsa. Me ta ce?"

Nan ne zan iya tsayawa. Zan iya cewa salati ta yi irin nasu. Na ce, "Cewa ta yi, kaicona da ban faɗa wa mijina da bakina ba kafin Allah ya tona ni."

Ranar ban ce ƙurunƙus ba.

Da suka tashi Rifkatu ta tsaya ɗaura takalmi har sauran suka shiga lif. Ta miƙe ta ce, "Hajiya, shekara uku ina jin fassararki ban ce uffan ba, don naki ya fi nasu daɗi. Amma yau ba fassara kika yi ba. Wa kika yanka?" Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, ashe duk shekarun nan da ido biyu take kishingiɗe. Maimakon in riƙe ta in ce taimake ni, mu bi yarinyar nan, sai na ce, "Turancin asibiti daban, na fim daban." Ta dube ni ta sauka ta matakala. Ba ta sake taka gidana ba har ta bar duniya.

Ranar Litinin Asabe ta zo, ido a kumbure, tana riƙe da Ummi. Ta tura yarinyar ɗaki, ta durƙusa a gabana ta kwashe komai ta faɗa min, tiryan-tiryan, abin da na riga na sani, ni kuma ina riƙe baki kamar yau na fara ji. Ta ce, "Inna, ba mahalukin da ya sani. Ko ke da nake tarho a gidanki ba ki sani ba. Amma har maɓallin! Har 'ya'ya uku! Allah ne ya yi min magana ta bakin Baturiya, ya ba ni dama kafin ya tona ni. Na faɗa wa Baban su Ummi." Ta kwance bakin mayafi ta sa min maɓallin a hannu ta ce in jefar mata. Kun san abin da na ce? Na ce, "Allahu akbar."

Mijin bai dake ta ba, bai ɗaga murya ba. Ya rubuta mata takarda, bayan mako uku ya kwashi mazan biyu ya koma gida da su, ɗaya shekara sha ɗaya, ɗaya tara. Ya bar mata Ummi don ta yi ƙanƙanta. Sau ɗaya Asabe ta tara guzuri ta je ganin su, babban ya gaishe ta a tsaye daga bakin zaure, ƙaramin bai fito ba. Wani malami a nan ya ce mata ai da ta rufa wa kanta asiri, ta tuba tsakaninta da Ubangijinta, ba a ce sai ta faɗa ba. Ta ce masa, "Malam, wannan na kowa da kowa ne. Ni saƙo aka aiko min."

Taron Alhamis ya watse, Asabe ta daina kallon fim, Maman Fati ta koma Kumasi. Amma Asabe ba ta sake tsallake Alhamis ba. Shekara goma sha biyu. Ita ke yanke min farcen ƙafa, ita ke shafa min man zafi, ita ke yi min booking wurin likita ta raka ni, ita ke hawa bene shida da buhun shinkafa in lif ya lalace. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gwiwata ta ce, "Inna, ba don ke ba da wa zai fassara min?" Kun gani? Na samu abin da nake so. Na raba mace da 'ya'yanta biyu don in samu mai zama da ni, kuma na samu, kuma na ci, na sha, na yi barci. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa? In na kalli tsakiyar kanta, in tuna kwana taran nan, sai in ce mata miƙo min goro. Wace ce mai jar riga a labarin nan, Malama? Wa ya laɓe a titi? Wa ya kwance ƙullin wani? Wa ya shiga gidan mutane da wuƙa?

Yanzu Asabe ba lafiya. Ciwon daji ne, ya ci ya cinye, an sallame ta daga babban asibitin nan namu an ce ta je gida ta huta, kun san abin da wannan ke nufi. Ummi ta zama budurwa tana jami'a, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Uwar ta sha ba ta labarin fim ɗin da ya shiryar da ita, har kwalinsa ta kwatanta mata. Ashe yarinya ta sa abin a rai. Wani shagon bidiyo zai rufe yana zubar da kaya, ta tona ta tona har ta ga jar riga da tarho. Ta kawo wa uwarta don ta faranta mata.

Ranar da za a sallame su na je asibitin. Asabe ta kama hannuna, nata ya zama kamar kara, tana murmushi ta ce, "Inna, an samo shi! Ki zo Alhamis ki sake fassara min, in ƙara jin abin da ya cece ni kafin in tafi. Ki bar zanenki a gida, yanzu ba abin da zan gani ya karya min alwala." Na yi dariyar yaƙe. Da na fito Ummi ta biyo ni har bakin lif. Yarinyar da na goya. Ba ta ce Kaka sannu ba. Ta haɗa Hausarta da ƙyar, kamar mai ɗaukar kaya masu nauyi.

"Kaka, na kalla. Sau biyu."

Na ce, "To, madalla."

"Babu button. Babu miji. Babu yara. A ƙarshe ba ta ce komai ba, ta faɗi kawai."

Na fara cewa Turancin fim daban ne. Ta ɗaga min hannu. Idonta ya kawo ruwa amma bai zubo ba. Ta ce, "I had brothers, Kaka."

Wannan Turancin na ji shi. Ba wanda ya fassara min.

Sai ta share fuska ta ce uwarta ba ta da abin riƙewa sai wannan, da shi take barci, da shi take shan magani. Ta ce in zo Alhamis in faɗa mata daidai yadda na faɗa da, kada in rage ko kalma, ita za ta zauna ta yi shiru. "Bayan nan," ta ce, "ban san ki ba."

To ga ni. Na tsallake Alhamis biyu da ƙaryar ciwon ƙafa, ni da na rushe gida saboda an tsallake min Alhamis. Jiya Asabe ta bugo, muryarta kamar daga rijiya, ta ce, "Inna, ko fushi kike da ni?" Likita bai ba ta Alhamis masu yawa ba.

In na je na faɗi gaskiya, me na ba ta? Na ce mata ba Allah ne ya yi miki magana ba, tsohuwa ce aka ce wa labarinta ba gishiri. Na ce mata 'ya'yanki sun tafi a banza, kuma shekara goma sha biyu kina yanke farcen wadda ta yi miki haka. Ta mutu da wannan a ƙirji? In kuma na je na maimaita, ta tafi da murmushi, ni fa? An ce haƙƙin mutum ba a yafe shi sai mai shi ya yafe, ta yaya za ta yafe abin da ba ta sani ba? In tsaya gaban Allah da ita, a kunna mana kaset ɗin gaskiya, wa zai yafa masa zane? Kuma ban yarda da zuciyata ba ta kowane gefe. In na ce zan faɗa, don ita ne ko don in sauke kayana a kan mai mutuwa? In na ce zan rufe, don ita ne ko don ina tsoron ta juya fuska bango, in rasa mutum ɗayan da ke ce min Inna?

Akwai wanda ya fi wannan muni, bari in faɗa tunda ba ku ganina. Har yau ina riƙe da fassarar nan kalma-kalma. Na san inda zan sassauta murya, na san inda zan yi shiru. In na je zai yi daɗi, ya ma fi na da. Kuma akwai wani lungu a zuciyata da ke ɗokin a sake saurare na.

Maɓallin ban jefar ba. Ga shi nan a gabana kusa da rikoda, a cikin gwangwanin allura, shekara goma sha biyu. In na tashi tafiya ban sani ba ko in sa shi a jaka ko in bar shi.

Malamai, iyaye mata, ku da kuka yi karatu, ku da kuka taɓa zama a gefen gadon mai tafiya, Alhamis tana zuwa, Asabe ta ce a jingina ta da matashi ta fuskanci talabijin, ta ce a ajiye min kujera kusa da kanta. Me zan yi?